Zane Uku a Dogarin Ƙofa

Duk wanda ya tsaya a bakin shagon da ke jikin zauren gidan nan, in ya dubi dogarin ƙofa ta hannun dama, zai ga zane uku a jikin katakon, ɗaya bisa ɗaya. Jikokina sun sha tambayata, nakan ce musu aikin gara ne. To, gara ba ta da laifi. Ni na yi su, da wuƙar fiƙe fensir da rular katako, a shekarar da na ajiye aikin hedimasta. Ina so ku karanta wannan babi a zaune, ya ku 'ya'yana, domin akwai abin da kuke alfahari da ni a kansa wanda ba nawa ba ne.

Mutumin da ya shekara talatin da ɗoriya ana kaɗa ƙararrawa da izninsa, ranar da ya wayi gari ba mai jiran izninsa, abin tausayi ne, amma iyalinsa sun fi shi zama abin tausayi. Na gyara rumbu, na sake gyara shi. Na lissafa wa uwarku kurakuran da ke cikin yadda take jera kwanoni. Wata safiya ta same ni ina kora kaji da sanda zuwa inda na ga ya dace su ci dusa, ta tsaya da muciya a hannu tana kallona.

"Malam," in ji ta, "kajin gidan ga sun gaji da layi. Don Allah ka nemi ɗiyan mutane."

Ba a yi wata biyu ba Allah ya amsa addu'arta, ta hanyar da ni da ita ba mu so ba.

A lokacin yayanku ya gama karatunsa, ya yi ta kai takardu ofis-ofis har takalminsa ya san hanyar Gusau fiye da direbobi, aiki bai samu ba. Kun san ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa masa, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. In ina nemansa nakan ce "ina wannan yaron", shi kuma ya amsa daga duk inda yake. Haka aka yi mini, haka na yi masa, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko abin yana yi masa ciwo ba. Da zaman ya ishe shi sai ya roƙi uwarku ta roƙe ni shagon jikin zaure. Ya sa talabijin uku da benci huɗu da ƙaramin janareta, ya buɗe abin da yara ke kira gidan gem, inda mutum zai zauna da wani abin latsawa a hannu yana juya 'yan mutanen da ke cikin allo, su buga ƙwallo, ko su yi tseren mota, ko su harbi juna. Shi ne na farko a unguwarmu. Kafin sati ya zagayo, takalman yara a bakin shagon sun fi na masallacin Juma'a tsari, domin yayanku ba ya barin kowa ya shiga da ƙura.

Ni ban ƙi wasa ba, kada a ce muku na ƙi. Mun yi langa a filin bayan tasha har gwiwoyinmu suka zama taswira. Mun yi ƙwallon tsumma, mun ɗora kunne a kan ƙarfen dogo muna sauraron jirgin da bai iso ba tukuna, domin a zamaninmu Kaura nan ce ƙarshen layi, kuma mun ɗauka nan ce ƙarshen duniya, duk abin da ya wuce mu sai dai Shinkafi. Amma wasanninmu a fili ake yin su, tsohuwar da ke tsinkar zogale tana ganinka, in ka yi ashar labarin zai riga ka isa gida. Wannan sabon wasa kuwa a cikin ɗaki yake, cikin akwati, da harshen da iyaye ba sa ji. Sai ƙorafi ya tashi. Wani ya ce ɗansa ya daina zuwa islamiyya, wata ta ce nata yana harbin ƙannensa da muciya. Mai unguwa ya tara dattawa, aka kafa kwamiti, aka waiwaya neman wanda ya iya Turanci kuma ba shi da aikin yi. Ba a sha wahalar nema ba.

Na shiga shagon da tabarau da littafin rubutu kamar sufeton makarantu. Yayanku ya miƙe, ya share mini benci, ya jero mini kwalayen faifan wasannin. A kusurwar kowane kwali akwai lamba: uku, bakwai, sha biyu, sha shida, sha takwas. Ya yi mini bayani, idonsa a ƙasa, cewa waɗanda suka ƙera wasannin a can ƙasashensu ne suka sa, ma'ana kada wanda bai kai waɗannan shekaru ba ya taɓa. Na ji wani daɗi ya ratsa ni. Ashe doka tana nan a rubuce, mai tsare ta kawai aka rasa. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, su can yaro da takardarsa ake haifarsa. Mu nan in ka tambayi uwa shekarun ɗanta sai ta ce an haife shi bayan auren Ladi da damina biyu, kai kuma ka tafi neman Ladi. In ka tambayi yaron da ke son wasan bindiga kuwa, ko haƙoran nono ne a bakinsa, shekararsa sha takwas cif.

Sai na tuna yadda aka ɗauke mu makaranta. Malami ya sa ka ɗora hannun dama bisa kai ka kamo kunnen hagu. In ya kai, ka isa boko, in bai kai ba ka koma ka ƙara cin tuwo. Ni sai da na karkata wuya kafin nawa ya kai, kuma ga shi na zama hedimasta, don haka na ɗauki hanyar a matsayin wadda aka jarraba. Na ce kamun kunne ya wadatar wa lamba bakwai. Sauran ukun kuwa, na aika aka kira mini tsofaffin ɗalibaina uku da na san shekarunsu daga rajista, na jingina su da dogarin ƙofa, na ɗora rula bisa kan kowanne na tsaga katako. Zanen ƙasa sha biyu, na tsakiya sha shida, na sama sha takwas. Kwamiti ya yaba. Liman ya ce ilimi ba ƙarya ba ne. Na sa aka fito mini da kujera, na zauna a bakin shago daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, kaji suka huta.

Ba zan ɓoye muku ba, watannin nan suna cikin mafi daɗin rayuwata. Yara suna layi, ina cewa a cire hula, a haɗa dugadugai. Sun gwada ni da dabaru iri-iri: mai cusa tsumma cikin takalmi, mai barin suma ta yi tozo, mai yin ɗage yana kallon sama kamar bai san abin da ƙafarsa ke yi ba. Wanda na fi tunawa shi ne Audu bakanike, mai gyaran babura a bakin kasuwa, mutum mai gemu da mata da ɗiya, amma Allah bai ba shi tsawo ba. Zanen sama ya fi shi da yatsu huɗu.

"Malam, wallahi ina da iyali," in ji shi. "Kai ka ci goron sunan ɗiyata."

"Na ci, kuma ya yi daɗi," na ce masa. "Amma katako bai ci ba."

"To shi katakon ya taɓa aure?"

Yara suka fashe da dariya, na tura shi bencin ƙwallo. Yayanku yana tsaye a ciki yana jinmu. Da yamma uwarku ta kawo mini saƙo cewa wannan yaron ya ce zanen ba ya faɗin gaskiya, kuma wasan ƙwallon da aka sa wa lamba uku shi ne wanda samari ke cin amanar juna a kansa da caca da zage-zage. Na ce ta gaya masa doka ba a gyara ta don mutum ɗaya. Haka muke magana ni da shi, gida ɗaya, ta bakin uwarku, kamar ƙasashe biyu da jakada.

Shekarar nan ce mutane suka fara shigowa gari daga ƙauyukan bayan Moriki da Zurmi, da tabarmi da tukwane a ka, suna gudun 'yan bindiga. Wasu suka sauka a wani kango a ƙarshen layinmu. Cikinsu akwai wani yaro Bafulatani, Bello, siriri, dogo kamar karan dawa. Wata Asabar da hantsi ya zo ya tsaya nesa da layi yana leƙe. Ni na kira shi. Na ce ya jingina, na ɗora rula, ya wuce zanen sama da yatsu biyu. Na ce masa ya shiga duk inda yake so, har na ce da yayanku kada a karɓi ko sisi a hannunsa, baƙo ne. Ina jin kaina mai adalci da kirki a lokaci guda. Samari suka matsa masa a bencin ƙurya, inda ake wasan harbi, suka sa masa abin latsawa a hannu, aka ƙure lasifika.

Ban ga farkon abin ba, dariya na fara ji, sai kuma dariyar ta ɗauke gaba ɗaya. Da na shiga na tarar da yaron a ƙarƙashin benci, ya dunƙule, hannuwansa a kan kunnuwa, wandonsa a jiƙe, yana maimaita wata magana da Fillanci. Daga baya aka ce mini ƙanensa yake kira, yana ce masa ya kwanta kada ya motsa. Harbin yana ta tashi a allo ba mai ko tunanin kashewa, ni ma ina tsaye da rula a hannu kamar gunki. Yayanku ne ya tsallake benci ya fizge waya daga bango. Ya kori kowa waje, har da ni, ya cire rigarsa ya ɗaura wa yaron a ƙugu, ya zauna a ƙasa kusa da shi har aka kira azahar. Sannan ya raka shi gida ta bayan layi, don kada a gan shi.

Washegari kakar yaron ta zo zaure, wata tsohuwa mai suna Goggo Hassi, wadda ke yi wa matan unguwa surfe tun da shanunsu suka tafi. Ta durƙusa, ta gaishe ni har da tambayar gajiya da iyali da damina. Ba faɗa ya kawo ta ba, godiya ta zo yi wa mai shago. Na tambaye ta shekarun Bello.

"Daminar da gulbi ya ci muna fadama anka haife shi," in ji ta. "Sha ɗaya ke nan. Tsawon na ubanshi ne, Allah ya jiƙan shi."

Na ce mata ai ya wuce zane.

"An gaya min kana auna su da icce," ta ce. "Malam, mu in za mu sayi saniya ba tsawo muke dubi ba, baki muke buɗawa. Da ka tambaye ni, da na gaya maka abin da kunnen yaron ga ya ji."

Labari ya zagaya, mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa bayan la'asar, ƙarƙashin dalbejiya. Dattawa suka zauna a tabarma, samari a tsaye daga baya. Aka yi ta magana, wasu a rufe shago, wasu a ƙara zane na huɗu. Sai yayanku ya nemi izni. Ya durƙusa, ya fito da wata takarda daga aljihu, ashe ya daɗe da rubuta ta.

"Ranka ya daɗe, lambobin ga ba don ɗiyanmu anka yi su ba," ya ce. "Wanda ya sa sha takwas bai san akwai mai shekara talatin a garin ga da ba ya iya jin ƙarar harbi ba. Wanda ya sa uku bai san ana caca da ƙwallo ba. Ni abin da nika gani, a bar lamba, a rubuta a kan kowane kwali da Hausa, boko da ajami, abin da ke ciki: bindiga, ko jini, ko zagi, ko tsiraici. Duk yaron da zai shiga, uwarshi ko wanda ke riƙonshi ya zo sau ɗaya, ya zauna ya gani da idonshi, ya ce wanga na yarda, wanga ban yarda ba, in rubuta. Wasan harbi kuma a bar shi a ƙurya, amma bayan labule, sautin a kunnen mai yi kaɗai."

Liman yana gyaɗa kai. Audu bakanike daga baya ya ce a ƙara da cewa mai mata ba sai ya zo da uwarsa ba, aka yi dariya, kuma na san dariyar yarda ce. Mai unguwa ya juyo gare ni.

"Hedimasta, kai ne shugaba. Mi ka gani?"

Kalma biyu ake nema a bakina: ya yi. Na san ya yi tun kafin ya rufe baki. Da wani ɗalibina ne ya kawo wannan, da na sa an tafa masa sau uku. Amma mutum ba ya yabon ɗan farinsa a gaban jama'a, ba ya goyon bayansa a taro, sai a ce ba shi da kunya, ya kafa kwamiti don kare shagon gidansa. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina a ranar, kuma na shekara da shekaru ina ba kaina shi. Akwai na biyu a ƙarƙashinsa. Yarda da takardar nan yarda ce cewa zanena ne ya tura Bello ƙarƙashin benci, ba wasan ba, kuma yaron da ba na ko kiran sunansa ya fi ni gani. Na gyara tabarau, na dubi dalbejiya.

"Maganar yara ce," na ce. "Tunda abin ya kai haka, a rufe shagon."

Aka yi ta sa mini albarka, wai na fifita jama'a a kan jinina. Yayanku ya ninke takardarsa, ya ce Allah ya huci zuciyar dattawa, ya tashi. Cikin mako guda ya sayar da talabijin da janareta, ya tafi Kaduna koyon gyaran waya. Ranar da zai tafi ya durƙusa a zaure ya yi mini sallama, na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ɗago daga jaridar da nake riƙe da ita ba. Uwarku ta kwana uku tana ajiye mini tuwo ba magana. A na huɗu ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni ma ɗan farina ne, ni ma ba ni kiran sunanshi," ta ce. "Amma ban taɓa jin kunyar da ta ce a kashe gaskiya ba. Wagga taka, Malam, riga ce ka sa wa girman kai."

Rufe shagon bai hana kowa wasa ba. Yaran suka koma wani ɗaki a bayan tashar mota inda ba zane ba labule, ba kuma mai cire rigarsa ya rufa wa wani asiri. Bayan shekara biyu, da gidajen gem suka yi yawa a gari, aka sake nemana. Takardar yayanku tana cikin akwatina, uwarku ce ta tsince ta a shago ta ajiye mini bisa matashi. Na kwafe ta da kyakkyawan rubutuna, na karanta a gaban taro. Aka karɓa hannu biyu. Dattawan da suka ji ta a ƙarƙashin dalbejiya wasu sun rasu, wasu sun manta, wasu kuma sun yi mini kara. Da aka tambaye ni inda na samo wannan hikima sai na ce tunani ne. Shi ne abin da kuka taso kuka ji ana kira tsarin Hedimasta, wanda har daga Shinkafi aka aiko a kwafa. Na ga Goggo Hassi da idona a bencin wani shago, ta ɗaure fuska tana kallon tseren mota kamar mai duba saniya, kafin ta ce Bello ya yi wannan da ƙwallo, ban da sauran. Yanzu shi ke tsare gida a ƙungiyar ƙwallon unguwa, tsawon ya yi rana.

Yayanku ya ji duk wannan a Kaduna. Bai taɓa tayar da maganar ba. Yana zuwa kowace Sallah, ya durƙusa, ya kawo shadda da magani, ya tambayi ƙafata. Ladabinsa bai ragu da ƙwayar gero ba, kuma wannan ne hukuncin, domin da ya yi mini tsawa sau ɗaya da na samu ƙofar ba shi haƙuri. Sallar bara ɗansa ƙarami ya jingina da dogarin ƙofar nan yana ɗage, yana son ya kai zanen ƙasa, ya tambayi ubansa mene ne wannan. Ina zaune a zaure ina ji.

"Kakanka ne yake auna mu da shi, ya ga ko mun girma," ya ce masa.

"Kai ka kai?"

"Tambaye shi."

Yaron bai tambaye ni ba, wani abu ya ɗauke masa hankali, ni kuma na yi kamar barci nake. Bakina ya saba da shiru shekara arba'in da wani abu, ba na jin zai koyi sabon karatu yanzu. Amma alƙalami bai yi wa kowa alkawarin kunya ba. Ku bar zanen nan a inda yake, kada a canza katakon ko an sake ginin zaure. Duk wanda ya ƙara cewa tsarin Hedimasta a gabanku, ku gyara masa. Kwafin farko na wannan littafi kuma a kai Kaduna, a buɗe wa yayanku wannan shafi.

Ka kai, Sanusi. Tun a ƙarƙashin dalbejiya ka wuce na sama.